Ƙanen da za a sayo a kasuwar Ƙonni

A gidanmu ba wanda ya gaya wa yara cewa uwarsu tana da juna biyu. Ba magana ba ce da ake yi a gaban yara. Ni kaina sai da na ga ta daina shan shayin safe, ta koma neman tsamiya da goruba, sannan na gane. Amma wata rana bayan Magariba autanmu mai shekara 4 ya kara kunnensa a cikinta ya ce, "Inna, wa ke motsi a nan?" Kakarsu ta yi wuf ta ce tuwo ne ta ci da yawa. Da ya matsa, sai ta ce masa za a sayo masa ƙane a kasuwar Ƙonni.

Tun ranar ban huta ba. Duk lokacin da na hau babur daga nan wajen Malbaza zuwa Ƙonni, zan tarar da shi a bakin ƙofa yana jira, ya bincike jakata har ƙasa. Ya ware tsofaffin takalmansa, ya ce na ƙanen ne. Bai san sarautar auta ce zai rasa ba, kuma ban gaya masa ba.

Babbar ɗiyata, mai shekara 9, ba ta yarda da zancen kasuwa ba. Ita ke raka uwarta awon ciki, ita ke riƙe karne. Ba ta cewa komai, sai dai na ga ta ɗaure totuwar masara a bayanta da guntun zane tana jijjigawa. Rannan ta kawo mini ruwa ta ce, "Baba, in an haife shi ni zan riƙa goya shi." Fuskarta cike da murna. Ni kuwa gabana ya faɗi.

Tun da na fito makarantar horon malamai ta Kaocen a Tawa, na kusa shekara 20 ina kiran suna a aji, kuma na san yadda wannan murnar take ƙarewa. Yarinya za ta zo da gudu ta ce, "Mushe, an yi mana haihuwa!" Ta kawo mini dabinon suna a ƙulle a bakin zane. Satin suna ba ta zo ba, ba komai. Sai a ce uwa na wankan jego, a bari a yi arba'in. Bayan arba'in sai in hango ta lokacin shan iska, tsaye a bakin taga da jariri a baya, tana leƙen allo. Wata uku, wurin zamanta ya zama na wani. Ban taɓa ganin an tsayar da namiji daga lakwal don an yi masa ƙane ba.

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici. Ke nan yarinyar da ta shiga CI, kafin ta kai CM2 za ta iya samun ƙanne biyu ko uku, kuma kowane ɗaya yana neman bayan da zai hau.

Ban ga laifin uwaye ba. Mai jego ga daka, ga ɗiban ruwa, ga lokacin cirar albasa a lambunan Galmi da kowane hannu ke da aiki. Ina za ta ajiye jariri? Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Amma wanda zai riƙe jariri daga safe zuwa azahar, wannan ba doka ke faɗa ba, gida ke yankewa, kuma sau da yawa a kan wadda ta fi kowa ɗokin zuwansa yake faɗawa.

Na zauna da maiɗakina muka tsara. Zan riƙa biyan mai ga-ruwa, kuma na roƙi mahaifiyata ta zauna da mu har hutun damina. Yarinya ta yi goyonta bayan an tashi daga lakwal, da Asabar da Lahadi. Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "To kai wa ya goya ka?" Na yi shiru. Yayata ce ta goya ni, kuma har yau in saƙo ya shigo wayarta sai ta nemi mai karanta mata.

Jiya ma na je Ƙonni. Auta ya zazzage jakar, ya ga sabulu da alli kawai. Ya ce, "Baba, sun ƙare ne?" Na ce masa ba a kawo ba tukuna, sai lokacin albasa.