Kofin da ke jirana a Munik

A makon Ista ne ɗan ƙanwata ya buga mini waya daga Jamus. Shekararsa shida ke nan a birnin Munik na jihar Babariya yana aikin jinya a gidan tsofaffi, ga shi Ubangiji ya ba su ɗa namiji. Ya ce, "Kawu, ba za a yi wa yaron nan baftisma ba sai kana tsaye a wurin. Kuɗin jirgi a wuyana." Na yi godiya ƙwarai. Sai ya ƙara, yana dariya, wai da gangan ya sa ranar a ƙarshen Satumba domin in ga babban bikin garin. Na ce wane biki? Ya ce, "Bikin giya, Kawu. Oktoberfest."

A Nima aka haife ni, iyakar tafiyata kuwa Lome. Na zaci takardu ne za su fi ba ni wahala, amma wannan ya zo da sauƙi. Ofishin jakadancin Jamus a nan Ankara yana neman takardar gayyata, da inshorar lafiya wadda za ta iya biyan yuro 30,000, da shaidar cewa mutum zai komo gida. Kuɗin bizar kuwa ya zama yuro 90 tun daga Yunin 2024. Shugaban ikkilisiyarmu ya rubuta mini wasiƙa cewa ni katikis ne, aikina yana jirana. Na sayi rigar sanyi a wurin 'yan gwanjo a Kantamanto. Masauki ba damuwa, zan kwana a falon yaron, gama ya ce a kwanakin bikin ɗakin otal yakan yi tashin gwauron zabi, mutane sukan kama tun watanni kafin lokaci.

Na tambayi tarihin bikin, shi kuma ya yi ta aiko mini da bayani. Asalinsa bikin aure ne. Ran 12 ga Oktoba 1810 yarima Ludwig, wanda daga baya ya zama sarkin Babariya, ya auri gimbiya Therese, aka gayyaci mutanen gari suka yi shagali da sukuwar dawaki a wani fili a bakin birni. Har yau filin yana ɗauke da sunanta. Daga baya aka matso da bikin zuwa Satumba domin a sami sauran ɗumi, yanzu yakan yi kwana 16 zuwa 18, ya ƙare a farkon Oktoba. Ranar buɗewa magajin gari ne ke fasa ganga ta fari da ƙarfe 12 na rana. Kamfanoni shida na birnin ne kaɗai ke da izinin sayar da giya a wurin, a cikin manyan rumfuna da kowace ke ɗaukar dubban mutane. A 2023 mutum miliyan 7.2 suka je. Shiga kyauta ne, sai dai kofin lita ɗaya ne cur, a 2024 kuma ya kai wajen yuro 15, wato kuɗin cefanen gidana na kwana biyu.

Wannan kofi shi ne ya hana ni barci.

Mahaifina ya sauko daga arewa yana saurayi, ya yi gadi a gidajen Turawa. A gida fito yake sha ran kasuwa, ba wanda ya ga laifinsa. A Ankara ya gamu da akpeteshi, wannan barasa da ake dafawa a tukunya. Ina aji huɗu a makarantar mishan aka fara aikena in ɗauko shi daga bakin kwata tsakanin Nima da Mamobi. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka riƙa taya ni ɗaukarsa, ba su taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma na ji abin da yaransu ke faɗi: Kirista ai mashayi ne. Ranar da aka binne shi na yi wa Allah alkawari, har yau kuwa ko ɗigo bai shiga bakina ba.

Na san ba kowane mai bi ne ya yi irin alkawarina ba, ba na kuwa ɗora wa kowa shi. Ina koya wa masu shirin baftisma labarin bikin Kana a Yohanna 2, ba na tsallake shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, biyu daga cikin kamfanonin nan shida, Augustiner da Paulaner, a gidajen sufaye suka samo asali, na biyun tun 1634. Har ma akan yi sujada a cikin ɗaya daga rumfunan a makon farko saboda masu aiki a filin. Mutanen can ba su ga saɓani ba tsakanin majami'a da ganga. Ban isa in yanke musu hukunci daga ɗakina a Nima ba, ko da yake yaron da kansa ya ce da dare za ka ga mutane zube a kan ciyawa ba su san inda kansu yake ba. Wannan kam na san shi, ba sai na hau jirgi ba.

Na ce wa matata abin mai sauƙi ne, akwai giya marar barasa a wurin, ita zan karɓa don kada in kunyata mai gayyata. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Malam, a hoto wa zai san marar barasa ce?" Nan na yi shiru. Yaron nan ba ya cin abinci bai ɗauki hoto ba. Kafin in haɗiye kurɓi ɗaya, hoton ya zaga WhatsApp na zango duka. A ajina akwai samari uku da ke fama da kwalba, ɗayansu wata huɗu ke nan bai sha ba, kowace Asabar yakan zo ya gaya mini. Manzo Bulus ya yi magana a kan irin wannan a Romawa 14, cewa abin da ya halatta gare ka yana iya zama tuntuɓe ga ɗan'uwa mai rauni. Na sha karanta wurin a gaban jama'a, ban taɓa tsammani zai same ni a kan kofin da ba barasa a ciki ba.

Na yi tunanin in ƙi zuwa filin sam. Amma yaron ya ɗauki hutu domina, surukansa Jamusawa kuma sun riga sun kama tebur, a wurinsu girmamawa ce babba. Baƙon da ya ƙi zama inda aka shimfiɗa masa, a zango ma mun san sunansa. Sai na buga masa waya na faɗa masa ƙudurina: zan je da rana a tsakiyar mako, lokacin da iyalai ke zuwa da yara, in ci gasasshiyar kaza, in ga masu busa da lilon da ke kai mutum sama, in sha ruwan tufa a kwalbarsa, ba a kofin giya ba. Kafin magariba mu koma gida. Ya ce, "Kawu, za su yi maka dariya." Na ce su yi.

Jiya na gaya wa maƙwabcina Alhaji, wanda ya taɓa ɗaukar ƙafafun mahaifina ni ina riƙe da kai. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Malam, kai da ba ka sha, kai Allah ya zaɓa ya kai garin giya!" Sa'an nan ya shiga ɗaki ya fito da safar hannu da wani ɗansa ya kawo masa daga Hambog, ya ce in ara, amma in komo masa da ita. Ran Talata zan kai takarduna.