Hukuncin Baba A Bayan Faifai

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta wani tsohon direba a unguwar Agege ta birnin Ikko, cikin damanar 2022, 'ya'yansa uku suka zauna da malamin unguwa domin a lissafa abin da ya bari. Dukiyar ba ta taka kara ta karya ba: gidan da suke ciki, da fili ɗaya a Kano, da 'yan riguna, da agogo, da Alƙur'ani cikin gafakarsa. Malam yana rubutawa ana yi wa kowanne ƙima, har aka zo kan wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda aka jawo daga ƙarƙashin gado. Da aka fasa kwaɗon, sai ga faya-fayan garmaho a jere a tsaye, sun haura ɗari, kowanne cikin rigarsa ta kwali.

Nan fa aka yi cirko-cirko. Babban wa, mutum mai tsantseni a kan addini, ya ce kayan shagala ne, a fitar da su bayan gida a cinna musu wuta, kada su zame wa Baba nauyi a kabari. Na tsakiya, wanda ɗan kasuwa ne, ya ce ai ba a ƙona kuɗi, shi ya san wani dillali mai bin gida-gida yana sayen irin waɗannan yana aika wa Turawa. Maganarsa kuwa tana kan hanya, gama tsofaffin faya-fayan Nijeriya sun yi daraja a ƙasashen waje, har wani kamfani a New York ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu ya sake buga su a 2013. Malam ya ce wannan magana ce ta magada, su daidaita a tsakaninsu. Sai Auta, wanda bai ce uffan ba tun da aka zauna, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina roƙon arziki, a ba ni mako guda da adakar nan kafin a yanke shawara." Yayan ya dube shi ya ce ya ji, amma kada a kunna ko ɗaya a gidan da Inna take takaba.

Auta ya ɗauki adakar ya kai ɗakin da yake haya. Kwana biyu ya yi yana yawon shagunan masu gyaran rediyo kafin ya sami wani dattijo mai tsohuwar garmaho da allura mai rai. A daren farko, da ya zaro faifai ɗaya, sai ya ga rubutun ajami da biro a kusurwar rigar. Ya zaro na biyu, haka. Na uku, haka. Ashe marigayin, wanda a rayuwarsa ba ya haɗa jimla uku a jere da 'ya'yansa, ya bi kowane faifai ya rubuta masa hukunci a cikin kalmomi kaɗan.

Na Alhaji Mamman Shata sun fi yawa, a kan ɗaya daga cikinsu kuwa an rubuta, "Rabin Shata ne." Auta ya daɗe yana juya wannan magana kafin ya gane ta. Babban faifai ba ya ɗaukar fiye da kamar minti ashirin a kowane gefe, Shata kuwa mutumin fili ne, wanda yake duban taro ya ƙaga waƙa nan take, makaɗan kalangu suna bin sa, 'yan amshi suna karɓa, har dare ya raba. Shi ya sa Bakandamiya ba ta da siga ɗaya; wadda ya rera yau dabam take da ta gobe. Wanda ya san Shata a faifai kaɗai, ya ga giwa ne ta kafar ƙofa. Duk da haka Auta ya ga rabin ma ya ishi mai sauraro, domin a faifai ne kunne yake samun sararin bin kalangu shi kaɗai, ya ji yadda makaɗi yake matsa tsarkiya ganga ta maimaita abin da baki ya faɗa. Shata ya rasu a 1999, fagen da Baba ya san shi a ciki ya watse, rabin nan da ya raina shi ne ya rage wa jikoki.

A kan faifan Ɗanmaraya Jos mai ɗauke da Waƙar Karen Mota, abin da aka rubuta shi ne, "Ni aka yi wa." Marigayin ya shigo Ikko ne a 1968 yana karen mota a bayan babbar motar shanu, shi ke wanke ta, shi ke sa mata waigi a kan gangara, shi ke kwana a ƙarƙashinta. A ra'ayin Auta, a duk mawaƙan Hausa babu wanda faifai ya karɓa kamar Ɗanmaraya. Mutum ɗaya ne da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, waƙoƙinsa gajeru, kowace da labarinta, sa'an nan mutanen da ya fi yi wa waƙa talakawa ne waɗanda ba su da abin ba maroƙi. Na'urar ɗaukar murya ba ta rage masa kome ba, abin da mutum zai ji a gabansa shi ne a faifan.

Kusa da waɗannan akwai Oroki Social Club na Haruna Ishola, sarkin kiɗan apala, wanda ya fito a 1971, an rubuta masa, "Shatan Yarbawa." Auta, wanda aka haifa a Ikko kuma yake jin Yarbanci kamar Hausa, ya ga hukuncin ya zauna daram. Ga gangar nan mai magana, 'yar'uwar kalangu. Ga jagora da 'yan amshi. Ga yabon masu hannu da shuni ana saƙa shi da karin magana. Bambancin dai shi ne Haruna Ishola yana tafiya a hankali kamar basarake, Shata kuwa yana sukuwa.

Inda ɗa ya fara saɓa wa uba shi ne a kan Zombie na Fela Anikulapo Kuti. Baba ya rubuta, "Gaskiya ce, amma ba ladabi." Faifan ya fito ne gab da bikin FESTAC na 1977, yana kwatanta soja da gawa mai tafiya wadda ba ta motsi sai an ba ta umurni. Ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji wajen dubu suka afka wa gidan Fela da ake kira Kalakuta, suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Gidan yana kan titin Agege Motor Road ne, wato hanyar da marigayin yake bi kullum, saboda haka da idonsa ya ga kangon. A wurin Auta, Zombie ya fi kowane faifai da ke cikin adakar. Ana shafe mintoci ƙahoni suna sara kamar masu fareti, gangunan Tony Allen suna tafe a ƙarƙashi ba gaggawa, kafin Fela ya buɗe baki. Lokacin da ya fara magana, kiɗan ya riga ya gama ba'ar. Game da ladabi kuwa, Auta yana ganin gaskiyar da aka faɗa wa mai bindiga da ladabi ba ta cika isa kunnensa ba. Amma ya lura Baba bai jefar da faifan ba, a tsakiyar adaka ya ɓoye shi, cikin rigar wani faifai na Jim Reeves.

Su Jim Reeves da Don Williams, mawaƙan karkarar Amurka, a nan ne ra'ayinsu ya fi nisa da juna. Auta ya saurari gefe ɗaya ya ji kamar tuwo ba miya: murya mai sanyi, jita mai tafiyar hawainiya, waƙa ta ƙare kamar yadda ta fara. Ya yi mamakin yadda Jim Reeves, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1964, ya cika gidajen Nijeriya shekaru ashirin bayan mutuwarsa. Baba kuwa abin da ya rubuta wa Don Williams shi ne, "Ya san dare." Har yau Auta bai sauya ra'ayi a kan kiɗan ba, sai dai ya yarda cewa wanda bai taɓa tuƙa mota shi kaɗai daga Jebba zuwa Tegina da tsakar dare ba, bai kamata ya yi gardama da direba a kan abin da ke ɗebe kewa ba.

Daga aikin hajji marigayin ya zo da Inta Umri na Ummu Kulsum ta Masar, waƙar 1964 wadda Muhammad Abdul Wahab ya tsara wa kiɗa. Hukuncinsa: "Ban ji duka ba, amma na yarda da ita." Da farko Auta ya ƙosa, gama ana daɗewa ana goge kafin ta shigo, in ta shigo kuma sai ta kama baiti ɗaya ta yi ta maimaitawa. A saurare na biyu ne ya ji cewa ba ta taɓa maimaita shi iri ɗaya ba. Kowane zagaye da inda take lanƙwasa shi. Matar da ƙasashen Larabawa suke tsayawa cik su saurare ta a rediyo ranar Alhamis ta farkon kowane wata, ashe ita ma 'yar fili ce kamar Shata, faifai ya yi mata kaɗan.

Waƙoƙin fim ɗin Mother India na 1957 an rubuta musu, "Na mai ɗaki ne." Auta ya fi son muryar Muhammad Rafi a kan ta Lata Mangeshkar, wadda yake jin ta yi siriri da yawa, ko da yake ya san rabin Kano za su tsine wa wannan ra'ayi. Exodus na Bob Marley kuwa, wanda aka ɗauka a London a 1977 bayan an harbe shi a Kingston ya tsira, Baba ya sallame shi da cewa, "Kiɗa mai kyau, kai ba aski." Auta ya yi dariya shi kaɗai a ɗaki, karo na farko tun ranar jana'iza.

A dare na shida ya zo kan Sweet Mother na Prince Nico Mbarga, na 1976. Hukuncin gajere ne, kuma mai kaushi: "Waƙar yara." Auta bai ga laifin wannan ba, gama shi ma yana ganin waƙar ta cika zaƙi, jitar irin ta Kwango tana zagaye wuri ɗaya, kalmomin Turancin buroka masu sauƙi kamar na 'yan firamare. Ko kamfanin EMI ma ƙin karɓarta ya yi tun farko, sai wani ƙaramin kamfani a Anacha, Rogers All Stars, ya buga ta, ta kuwa game Afirka. Abin da ya ɗaure wa Auta kai shi ne jikin faifan. Duk sauran suna ƙyalli, wannan kuwa allura ta cinye shi ya yi fari-fari, har muryar tana fita da ƙyar cikin shashshaka. Babu faifan da aka kunna ko rabin yadda aka kunna shi.

Da gari ya waye ya tafi gaishe da Inna, ya zauna a bakin ƙofa ya tambaye ta. Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Kakarka ta rasu a ƙauye cikin 1977, ubanka yana hanya da lodin shanu. Saƙo bai same shi ba sai da ya sauke kaya a nan. Kafin ya isa gida an yi kwana tara da binne ta. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Da ya dawo ya sayo wannan faifai, in kun yi barci sai ya sa shi ƙasa-ƙasa, ya juya fuskarsa bango. Shekara da shekaru yana haka." Auta ya ce, "To, Inna, don me ya rubuta waƙar yara?" Ta ce, "Wanda uwarsa ta mutu ai yaro ne."

Ranar da mako ya cika aka sake zama. Auta bai kawo hujja daga littafi ba, gama ya san Yaya ya fi shi karatu. Faifai ɗaya ya zaro ya miƙa masa da hannu biyu, Thriller na Michael Jackson, na 1982, ya ce, "Yaya, a duba kusurwar." Yayan ya gyara tabarau ya karanta a zuci. Abin da ke wurin shi ne, "Babban ɗana ya yi kwana uku yana kuka sai na saya. Kuɗina sun tafi, amma ya yi dariya." Mutumin da yanzu furfura ta fito masa a gemu ya daɗe yana kallon rubutun, har Malam ya yi gyaran murya.

Da ya ɗago ya ce shi dai ra'ayinsa a kan kiɗa yana nan inda yake, ba zai saurara ba, ba kuma za a kunna a gidan gado ba. Amma rubutun hannun mahaifi ba abin sa wa wuta ba ne. Aka kira dillalin nan ya yi wa adakar kuɗi, aka cire daidai wannan daga rabon Auta, na tsakiya ya ce shi ma ya gamsu. Yaya ya zare faifan Thriller ya miƙa wa Auta, ya riƙe rigar kwalin, ya sa ta cikin aljihun babbar rigarsa.

Bayan wata huɗu da kwana goma Inna ta fita takaba. A makon nan ta sa aka kai ta ɗakin Auta, wai ta zo ganin inda yake zaune. Ta sha ruwa, ta yi masa faɗan rashin shara da rashin aure, sa'an nan ta dubi garmahon da ke kan tebur ta ce, "Sa mini na ubanka." Auta ya miƙa hannu wajen na Indiya, ta girgiza kai. Ya ɗauko wanda allura ta cinye, ya goge shi da gefen rigarsa, ya rage murya kamar yadda aka ce marigayin yana yi, ya ɗora allura. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya sa aljanna ce makomarsu.