Jirgin gwangwanin sardin da kunnen Baba

 Yau ba labarin kasuwa ko na damina na zo da shi ba. Wani abu ne ya faru a gidanmu, kuma na san akwai irinsa cikin gidaje da yawa.

Masu bin shirinmu na dare za su tuna ɗan wasan kwaikwayon da munka yi kan ƴan cin rani. Akwai wurin da saurayi ke shiga jirgin ƙasa daga Wagadugu zuwa Abijan. Muna bukatar ƙarar jirgi, sai na shiga intanet na ɗauko ta farko da na samu, mai dogon usur da huci, na saka. Ni dai ta yi mini daidai. Shirin bai ƙare ba wayata ta fara kuka. Baba ne daga Damana.

"Kai, wane jirgi ne wanga ka sa muna?"

"Na Abijan ne, Baba."

"Tahi can! Wanga mai gawayi ne, irin na silima. Namu gazuwal yake sha. Kuma ina ƙarar ƙafafu? Jirgin da ba ya cewa tatam-tatam ai ba jirgi ba ne."

Na yi shiru, don yana da gaskiya. Baba ya yi cin rani a Kodibuwa cikin shekarun 1980. Mota ke kai su Wagadugu, daga nan su hau jirgi, tafiyar fiye da kilomita 1,100, ta Bobo da Bwake har bakin teku. Ni kuwa, da murya da ƙara nake cin abinci, na wuce shekara talatin, amma ban taɓa jin jirgi yana tafiya da kunnena ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Layin da Baba ya hau, Abijan-Nijar ake kiransa, amma da ya iso Wagadugu a 1954 bai taɓa ƙarasowa ƙasarmu ba. Na Kotonu ya tsaya Paraku tun 1936, a da daga nan manyan motoci ke ɗauko kaya su ƙetaro ta Gaya. Na Yamai zuwa Doso an yi bikin buɗe shi a watan Janairun 2016. Na ga ƙarafansa a gefen hanya, amma ban san wanda ya yanki tikiti ya hau ba.

Kunya ta sa na koma neman ƙarar gaskiya. Cikin neman ne na faɗa wata duniyar da ban san da ita ba: manyan mutane, wasu da furfura, waɗanda abin sha'awarsu shi ne ƙera ƙananan jiragen ƙasa su ajiye cikin ɗaki, da tasha, da gada, da duwatsu. Da farko dariya na yi. Da na ƙara kallo sai dariyar ta tsaya.

Komai nasu da awo ake yinsa. Awon da ya fi yaɗuwa suna ce masa HO, wato kowane abu a raba girmansa sau 87. Faɗin layin dogo na zamani milimita 1,435 ne, nasu ya zama 16.5. Tarago mai mita 20 ya koma santimita 23. Mutum mai tsawon mita 1 da 74 ya koma santimita 2 cif. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye sunka buɗe a 2001. Layin dogon da ke cikinsa ya wuce kilomita 16, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya ke biyan kuɗi su shiga kallo kowace shekara.

Fenti ba da buroshi suke shafa shi ba, don buroshi yana barin zane, kuma a jikin abu ƙarami zanen sai ya zama kamar kunyar gona. Suna da ƴar bindigar feshi mai kamar biro, ƙanwar wadda masu fentin mota ke amfani da ita a garaji. Bakinta bai kai rabin milimita ba, da allura a ciki mai buɗewa da rufewa, da ɗan injin hura iska. Ana tsinka fentin har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a fesa kaɗan, a bari ya bushe, a sake. Abin da ya fi ba ni mamaki, in sun gama jirgin ya yi kyau, sai su koma su ɓata shi da gangan: tsatsa a ƙafafu, baƙin hayaƙi a rufi, ƙura a ƙasan tarago. Dalili, jirgi mai aiki ba ya zama fes.

Sai ƙara, wadda ita ce fannina. Cikin kan jirgin da bai fi tsawon tafin hannu ba suna saka wani ɗan allo na lantarki da lasifika mai girman farce. Umarni yana bi ta cikin ƙarafan layin, tsarin da suke kira DCC. Ƙarar da ke ciki daga jirgin gaske anka ɗauko ta: tayar da inji, gurnaninsa a tsaye, yadda yake ɗaga murya in an ƙara gudu, kukan birki, ƙaho. In mai tururi ne, hucinsa sai ya dace da juyawar ƙafa, galibi huɗu a kowane zagaye. Akwai masu gardama kan cewa ƙahon da anka sa ma wani jirgi ba nasa ba ne. Na ce lalle Baba yana da abokai a Jamus bai sani ba. Kan jirgi guda mai irin wannan ƙarar ya fi sefa dubu 100, saboda haka na rufe wayata na ce wannan ba namu ba ne.

Ashe namu yana bayan rumbu a Damana.

Da na je gida ƙarshen wata, na tarar da ɗan yayata, mai shekara 12, wanda ke zaune wajen su Baba saboda lakol, yana laɓe yana kuka. Ya samu mummunan sakamako a lissafi, mushe ya aiko, Baba ya bincika ya gano inda hankalinsa yake. Yaron ya tara gwangwanin sardin shida ya haɗa su da waya, ya yi musu ƙafafu da marfin kwalba, ya yi kan jirgi da gwangwanin madara. A wayar wani ya ga jirgi sau biyu ko uku, shi ke nan. Baba ya ce da safe za a zuba tarkacen cikin shara.

Jikina ya yi sanyi, don na san wannan hukuncin. Ina aji shida, shekarar jarabawar shiga kolej, na yi wata biyu ina ƙera babbar mota da waya da karan hatsi, har da sitiyari mai juya ƙafafun gaba. Baba ya taka ta da ƙafa a gabana. Ban ce ya yi don mugunta ba. Mutum ne da ya ɗauki kaya a kai a Abijan don mu yi karatu, ba ya son ganin abin da zai raba mu da takarda. Na ci jarabawar. Amma daga ranar ban sake ƙera komai ba, kuma yau ko soket ya lalace a ɗakina sai na kira wani.

Bayan sallar isha na zauna kusa da tabarmarsa.

"Baba, ina roƙon arziki. A ba ni jirgin nan aro na kwana bakwai."

"Kai ma wasan za ka koma? Da gemunka?"

"Aikin rediyo ne. Kai ka ce ƙarar da na sa ba ita ba ce. Ina so ka gyara muna."

Ya yi tsaki, amma bai ce a'a ba.

Washegari na zaunar da yaron da abin awo na lakol. Ya yi direba da laka, amma direban ya fi kan jirgin tsawo. Na tambaye shi ta ina wannan ƙaton zai shiga. Ya yi dariya. Gwangwaninsa kusan santimita 10 ne, sai munka yanke cewa kowane santimita ɗaya mita ɗaya ne. Na ce, to, mutum fa? Ya yi shiru, ya ce, "Kawu, bai kai biyu ba." Ƙofa fa? Itacen gawo fa? Rumbu fa? Kafin azahar ya cika shafi biyu da lissafin rabawa, shi da ake cewa kansa ba ya ɗaukar lissafi. Har na gwada shi da 87 na Turawa, ya yi fama, ya ɓata, ya sake, ya fito da 23.

Layin dogo munka yi da sandunan ƙafar keke a kan guntayen kara. Jirgin ya yi ta zamewa. Shi da kansa ya gano cewa in an haɗa marfi ƙarami da wani faifai mafi faɗi ta ciki, faifan zai riƙe ƙarfen. Na gaya masa jirgin gaske ma haka yake, ba shi da sitiyari, leɓen ƙafarsa da siffarta ke sa shi bin layi.

Fenti kuwa, da bututun biro biyu munka yi. A tsoma ɗaya a tsaye cikin fentin, a kawo bakin na biyun daidai saman na farko a hura da ƙarfi. Iskar da ke wucewa tana jawo fentin sama ta watsa shi kamar hazo. Dabarar bindigar Turawan ke nan, sai dai mu huhu ne injinmu. Iyaye, a kula: fentin ruwa na ƴan lakol munka yi amfani da shi, a fili, ba fentin mota ba, don warinsa yana cutar da ƙirji. Da ya bushe yaron ya ƙi yarda a ɓata shi. Sai da na nuna masa motocin da ke tasowa daga Filinge ranar kasuwar Balayara, na ce wacce ce fes a cikinsu? Ya ɗebo jar ƙasa da garin gawayi ya shafa da tsohon buroshin haƙori. Nan take gwangwani ya daina kama da gwangwani.

Ƙarar ce ta fi wuya. Na samu gurnanin injin gazuwal, amma tatam-tatam ɗin sai da Baba. Wannan ƙarar daga mahaɗar ƙarafa take fitowa, duk lokacin da ƙafafu biyu-biyu sunka tsallake ɗan gibin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na kawo cokali biyu da wani tsohon ƙarfe, na kunna abin naɗar murya na wayata. Baba ya ce ina sauri. Na rage, ya ce yanzu kamar jana'iza. Daga baya ya karɓe cokulan da kansa. Ya fara a hankali, kamar jirgin na barin tasha, ya ƙara, ya ƙara, idonsa a rufe. Ya ce a kan gada muryar takan canza ta yi zurfi, sai munka ɗora ƙarfen a bakin turmi. Ya ce to ina mata masu talla a tasha? Inna da maƙwabciyarta sunka yi ta kiran mangwaro da ruwan sanyi suna dariya.

Na haɗa komai a kwamfutar wajen aiki, na sa a ƴar rediyo mai katin ajiya, munka ɓoye ta cikin tasha ta kwali. Daren kwana na bakwai yaron ya ja jirginsa da zare a tsakar gida, ƙarar na tashi. Yaran unguwa sun cika ƙofa. Baba bai ce komai ba har ta ƙare. Sannan ya ce akwai abokin tafiyarsa da sunka hau jirgin tare shekara uku, a ta huɗu anka rufe shi a Bwake. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar rediyonsa mai kaset wadda ta daɗe da mutuwa, ya miƙa ma jikansa.

"Maigida, akwai ɗan inji a ciki mai juya kaset. Cire ka sa ma jirginka, ka bar jan shi kamar akuya. Amma sai ka gama aikin lakol."

Ba zan yi muku ƙarya in ce yaron ya zama na ɗaya a aji ba. Ya ɗan ɗaga, mushe ya ce ya fara ɗaga hannu a lissafi. Jirgin ma har yanzu yana faɗuwa a kwana. Amma yana nan, ba a zubar ba.

Jama'a, kowane gari daga Fandu har Shikal akwai yaro mai motar waya, ko rediyon laka, ko jirgin sama na kara. Mukan ce wasan banza ne, mu karya, mu ce don karatu. Ni na ga abin da karyawar ta yi mini. Yaron da ke ƙera irin waɗannan abubuwa yana awo, yana gwaji, yana ɓatawa yana gyarawa, ba wanda ya sa shi. In karatunsa ya yi baya, a sa masa lokaci da sharaɗi kamar yadda Baba ya yi a karo na biyu. A tambaye shi tsawon motarsa santimita nawa ne, ta gaske kuma nawa. A watan Fabrairun 2021 anka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi zai yi ta kai da kawowa a ƙasar nan, za a nemi masu walda, da masu lantarki, da masu jin ciwon inji da kunne. Ina fata a same su cikin ɗiyanmu.

Wasan kwaikwayon nan za mu sake sa shi mako mai zuwa, da sabuwar ƙarar. Tsofaffin ƴan Abijan, ku kasa kunne. In akwai gyara, ku kira, amma ku sani da cokulan Baba za ku yi gardama. Wanda kuma ke da yaro mai irin wannan hannun, ya sanar da mu, mu zo da abin naɗar murya.

Allah ya raya muna su, ya sa albarka a hannuwansu.