Tsofaffin motocinmu da zaman baƙunta a Kudu



Akwai tambayar da ake yawan yi mini: wai ku ɗalibai, a garin mutane, da tsadar man nan, me ya kai ku kafa ƙungiyar masu son motocin gudu? Wasu da wasa suke yi, wasu kuma da ɗan zargi, irin na "ƴaƴan masu kuɗi sun samu abin yi". Bari yau in amsa gaba ɗaya. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Da farko mu rage wa abin girma. In ka ji motar gudu, kada ranka ya tafi kan Ferrari. Motocinmu ba su kai 10 ba, kuma kusan kowacce ta girmi mai ita. Akwai Marsandi 190, wadda kamfanin ya daina ƙerawa tun 1993. Akwai BMW E36 guda biyu na shekarun 1990, da Golf GTI, da wata Honda Prelude da ta fi kwana a gareji a kan gida. Wata gado ce, wata yayan mutum ne ya bar masa, wata kuma mutum uku suka haɗa kuɗi suka saye ta tana kwance suka tayar. Yawancin ƴan ƙungiyar ma ko keke ba su da shi, son abin ne kawai. Muna warwatse a wuri uku: mu ƴan UNIPORT a Choba nan Fatakwal, da ƴan UNN reshen Inugu da na IMT, da ƴan UNIZIK ta Awka waɗanda iyayensu ke kasuwanci a Anacha. Zauren WhatsApp ne ofishinmu, ni kuma nake riƙe da littafin kuɗi da na gyara.

Abu na farko da Kudu ke koya wa mai mota shi ne maƙiyinsa ya canza. A gida ƙura da zafin rana muka sani. Nan ruwa ne. Abin da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano ya yi saura, kuma ko ba a ruwan iskar ma jiƙe take. Motar da ta yi shekara ashirin a Katsina ƙarfenta garau, damina biyu a nan sai ka ga fenti ya fara kumbura a ƙasan ƙofa. Tsatsa daga ciki take ci. Shi ya sa in an yi ruwa mai ƙarfi muke ɗage kafet mu taɓa ƙasa, mu tone ramukan da ke ƙasan gilashin gaba, don in ganye ya toshe su ruwan cikin mota zai bi. Wanki kuma sai an haɗa da ƙarƙashi, ba sama kawai don hoto ba.

Man birki ma yana shan danshin iska. In ya daɗe, ranar da ka fi buƙatarsa a gangara, ranar zai tafasa ka ji birkin ya yi laushi. Mukan canza shi duk shekara biyu ko da yana aiki. Sai ambaliya. Motocinmu gajeru ne, kuma duk wanda ya bi East-West Road da damina ya san yadda wasu wurare ke komawa. Dokarmu ita ce, ruwan da ya kai rabin taya ba a shiga. In kuma mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli, a tura ta waje. Injin da ya zuƙi ruwa aka tilasta masa tashi, ya gama yawo. Ga kuma baƙin hayaƙin nan da ya addabi Fatakwal tun wajen 2016. Ka wanke farar mota da yamma, da safe ka shafa ka ga hannunka baƙi. Abin da ke sauka a kan bonet shi injin ke shaƙa, don haka filtar iska ba ta yin kwanan da take yi a gida.

Abu biyu zan ƙara, don suna amfanar ko da motar babanka ce. Na ɗaya, kada ka yarda a cire maka tamostat don wai ƙasarmu da zafi. In mota tana zafi akwai dalili: lagireto ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko robobin da suka tsufa, wanda shi ne ciwon tsofaffin BMW. A nemo dalilin a gyara, kuma a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba. Na biyu, kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zane raɗau alhali robar ta mutu.

To amma wannan duk ana iya koyonsa a YouTube. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne inda gyaran ya kai mu.

Tsohuwar mota ba ta barin ka ka zauna cikin naka kawai. Ɗalibin Arewa a nan yana iya gama shekara huɗu tsakanin aji, hostal, masallaci da wajen mai shayi ɗan garinsu, ya tafi bai san sunan maƙwabcinsa ba. Mu kuwa kayan gyara sun tilasta mana shiga Ikoku a Diobu, da Coal Camp a Inugu, da Mgbuka Obosi da Nkpor a gefen Anacha. In wani ƙarfe ya gagara a Fatakwal, sai mu ɗora hotonsa a zaure, ɗan Anacha ya shiga Mgbuka ya nemo, a ba direban bas ya kawo. Wallahi duk wanda ya ga yaro ɗan koyo a kasuwannin nan ya kalli ƙarfe sau ɗaya ya faɗa maka motar da shekararta, zai rage wasu maganganun da muke yi a kan mutanen nan.

Akwai wani dattijo Ibo mai shago da muke saya a wajensa. Ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Farkon zuwanmu "aboki" yake ce mana, yanzu "ɗana". Ran nan wani ɗanmu ya ɗauki famfon mai, kuɗi a hannu, sai ya karɓe ya mayar kan kanta.

"Ɗana, wannan ba na motarka ba ne. Zai shiga, amma ba zai kai ka wata uku ba. Dawo jibi."

"Oga, jibi ina da jarrabawa."

"To je ka yi jarrabawarka, zan aiko yaro da shi."

Ya aiko, kuma bai karɓi kuɗi ba sai bayan mako. Ba na cewa kowa haka yake. Akwai masu sayar maka da jabu suna rantsuwa, kamar yadda ake da su a kowace kasuwa har ta gida. Amma amana tana nan, kuma ba a samun ta sai an yi ta komawa wuri ɗaya, ana biya a kan lokaci, ana gaisuwa kafin ciniki.

Kuma ba mu muka fara ba. Magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950 Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, fataucin shanu ya kawo shi. A harkar mota ma ƙasar nan ta taɓa tafiya tare: Kaduna tana haɗa Fijo tun 1975, Emene a Inugu ta fara haɗa manyan motocin Marsandi a ANAMMCO a 1980, yau kuma ga Innoson a Nnewi.

Yanzu ga dokarmu mafi tsauri, wadda ta fi jawo mana surutu: babu wasan mota a kan titin jama'a. Babu juyi, babu ƙona taya, babu tsere, ko a biki ko a sallah. Na san a gida wasu na ganin rakiyar amarya ba ta cika sai an tayar da ƙura, duk da rayukan da abin ya ci. Nan kuwa haɗarin ninki biyu ne. Wani dattijo a unguwar Hausawa kusa da gadar Anacha ya faɗa mana ranar da muka je gaishe shi:

"Ƴaƴana, in ɗayanku ya buge yaro a garin nan, ba sunansa za a tambaya ba. Lambar motar za a duba. Ku kuna da hostal da za ku shige, mai albasa da mai shayi da mai wankin takalmi su za a samu a waje."

Muka ce, "Haka ne, Baba." Babu wanda ya ƙara magana, don duk wanda ya zauna Kudu ya san yadda rigimar mutum biyu a kan titi ke komawa ta ƙabila kafin la'asar.

Dokar ta taɓa cin namu. Wanda ya fi kowa iya tuƙi a cikinmu, kuma abokina na kusa, ya yi juyi biyu a wani ɗaurin aure, yara suna ihu ana ɗauka a waya. Babu wanda ya ji ciwo. Duk da haka muka dakatar da shi semesta guda, babu fita da mu, babu taɓa asusun gyara. Ya yi fushi sosai, ya ce mun mayar da ƙungiyar motoci ta tsofaffi. Wata biyu ba ya amsa sallamata da sakin fuska. Ya dawo daga baya, amma har yau akwai ɗan abin da bai koma daidai ba tsakaninmu, kuma ina jin sa a raina. In aka sake, haka za mu sake yi.

Fita tare sau ɗaya muke yi a semesta, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, haɗuwarmu ta fi yawa a wajen wanki da juyen baƙin mai. In za mu fita, ba ma tafiya ranar Litinin saboda zaman gidan da aka fara a yankin tun Agustan 2021, ba ma tafiyar dare, kuma sai na ga lasin da inshora da takardun kowa da idona. Motar da ta fi rauni ita ke gaba. A hanyar Fatakwal zuwa Inugu mukan tsaya kasuwar shanu ta Lokpanta mu yi sallah mu ci abincin gida. A shingen bincike gilashi ƙasa, kiɗa a kashe, "Yallaɓai" a baki. In mun isa Milliken Hill, wannan tsohuwar hanya mai lanƙwasa ta Ngwo, a hankali muke hawa, mu tsaya mu kalli Inugu daga sama.

Sai maganar kuɗi da karatu. Kowa yana zuba abin da aka yanka duk wata, daga ciki ake ranta wa wanda motarsa ta kwanta. Kuɗin makaranta ba ya shiga inji, wanda muka gano ya yi haka mu da kanmu za mu kira yayansa. Mako biyu kafin jarrabawa ana rufe zancen mota a zaure. Kuma motocin nan sun yi ayyukan da ba a ɗora hotonsu: ɗauko sababbin ɗalibai daga tasha da jakunkunansu, kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, raka gawar wani bawan Allah da ba mu ma san shi ba zuwa maƙabarta.

Don haka ƙanina da ka samu gurbi a Kudu bana, ko kana da mota ko ba ka da ita, nemi wani abu da zai fitar da kai daga cikin naka ya haɗa ka da masu gari a kan gaskiya. Namu mota ce, naka yana iya zama ƙwallo ko ɗinki ko gyaran waya. In kuma kana Fatakwal, Inugu ko Anacha kana son ƙarfe, ƙofa a buɗe take. Ka zo da tsumman goge mota da haƙuri, gudu kuwa ka bar shi a gida.

Allah ya tsare mu a hanya, ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mayar da mu gaban iyayenmu lafiya.