Kiɗa Ya Sauya, Rawa Tana Nan

A fadarmu ta bayan ɗakunan kwana na jami'a, a Yamai, akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Da an ɗora shayi na biyu sai wani ya kunna waƙa a waya, wani kuma ya ce don Allah a kashe muna wannan hayaniya. Daga nan sai fada ta rabu biyu. Wasu na cewa waƙoƙin rawa na yanzu yayi ne kawai, kunnen mutane ya kusa ƙoshi, za a dawo ga waƙa mai magana. Wasu na cewa a daina mafarki, kiɗan na'ura ya ci gari ya zauna. Da ina cikin ƴan rukunin farko, har ma ni ne mai ɗaga murya. Abin da ya sa na rage baki ya faru ne a gida, a Dogon Kiriya, lokacin armen ƙanwata.

A Amurka suna da Billboard, mai lissafa waƙoƙin da aka fi saye da saurare kowane mako. Mu namu lissafin yana rumfar mai cajin waya. Ran kasuwa za ka ishe shi da faifan sola bisa rufi, wayoyi jere kamar ana shanya, da tsohuwar kwamfuta a gefe. Ka ba shi dala ashirin ya zuba maka waƙoƙi a katin waya. Abin da samari suka fi tambaya shi ne ke tashe, ba sai an buga a jarida ba.

Ni dai a gabana kayan rumfar nan sun sauya ya fi sau huɗu. Ina ƙaramar lakwal, kiɗan Abijan ne ke ci, su DJ Arafat, tare da waƙoƙin finafinan Kano na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. A 2020 Jaruma ta Hamisu Breaker ta shiga kowane gida, har masu cewa ba su jin waƙa sun san ta. A 2022 Warr ta Ado Gwanja ta karɓe fili. Bayanta ga Calm Down ta Rema, wadda ta kai ta uku a jerin Billboard a 2023, ga kuma amapiano daga Afirka ta Kudu. Kowace ta zo kamar ba za ta tafi ba, kowace kuma ta tafi. Amma ku lura: duk wadda ta sauka, waƙar rawa ce ta gaje ta.

To, da armen ya matso, aka ce tun da ni ne ɗan jami'a, ni zan shirya kiɗa. Na yi waya Dutsi, na ɗauko mai DJ da manyan lasifikoki da injin wuta, aka biyo da su ta Matankari a bayan mota. Da la'asar ana ɗaura wayoyi sai ga wani tsohon makaɗi na garinmu, kalangu rataye a kafaɗa, ɗansa na biye da shi. Ba wanda ya gayyace shi, don a da makaɗi ba ya jiran gayyata. Na tare shi a ƙofar gida, na gaishe shi, na danƙa masa jikka biyu, na ce: "Baba, a yi haƙuri, yau yara sun kawo nasu kiɗi."

Ya dubi kuɗin, ya dube ni. Ya ce: "Ɗana, ni na kaɗa ma uwarka ran da anka kawo ta garin ga. Ba kuɗɗi ni ka biɗa ba." Ya karɓa dai don kada ya kunyata ni, ya juya.

Dare ya yi, fili ya cika, ƙura ta tashi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mai ya ƙare a inji, wuri ya yi tsit. Na tsaya ina zufa ina tunanin inda zan samo ko lita guda. Kafin in yanke shawara, ƙannen Inna sun kifa ƙwarya cikin kwano mai ruwa, ƴan mata sun ja da'ira, tafi ya kama. Waɗanda ɗazu ke rawar TikTok su ne suka shiga gaɗa, ba wadda aka koya wa a daren. Har aka samo man aka tada inji, wasu ba su ma so a katse ba.

A nan na gane gardamarmu ta fada ba ta kama hanya ba. Muna magana kamar rawa baƙuwa ce da na'ura ta kawo. Alhali tun kakanninmu, kiɗan da ke tada mutum tsaye shi ke da fili. Barmani Choge da ƙwaryarta mata take sa wa rawa har ta rasu a 2013. Gogen Arewa ba a zaune ake jin sa ba. A filin kokowa ma, in Sagalo ya ɗauki waƙa, ɗan kokowa da rawa yake shiga. Masu cewa waƙar yanzu maimaici ce kawai, su koma su saurari ƴan amshin Mamman Shata, su ƙirga sau nawa suke maido da layi guda. Maimaici shi ke ba ƙafa wurin takawa.

Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro jerin waƙoƙin haka abin yake. A watan Yuli na 1979, a wani filin wasa na Chicago, an tara fayafayan disko aka fasa su a gaban jama'a, aka ce an binne kiɗan. Cikin ƴan shekaru, a wannan birnin dai, aka haifi kiɗan house daga tokarsa. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Gaskiya ne, sai dai karin maganar bai ce rawa za ta daina ba. Amapiano zai wuce kamar yadda kiɗan Abijan ya wuce, wani kiɗan rawar ya hau kujerar.

Abin da ke iya ɓacewa daban ne, kuma Inna ce ta nuna mini shi da safe tana kwashe kwanoni. Ta ce: "An yi rawa ƙwarai, amma ba wanda anka kira. Ko taken kakanka ban ji ba."

A aji an koya muna cewa Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta. Shi ya sa kalangu ke iya magana: makaɗi na matsa tsirkiya a hammata yana saki, fata na bin hawa da saukar kalma, mai take ya ji sunansa ba a buɗe baki ba. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki, sannan na zo na sallami mutumin da ya fi kowa sanin sa a garinmu. Shi ya san taken kowane gida, wa ya yi suna a noma, wa ya kā da wa a kokowa. Mai DJ na iya kiran ango a makirufo, mawaƙin situdiyo na iya saka sunan amarya in an biya shi, amma ba ɗayansu da ya san kakan kowa.

Akwai kuma maganar bakin da ake waƙar da shi. Kusan duk abin da ke cikin katin ƙanena da Hausar Kano yake. Yaron da aka haifa yana jin "sunka tahi" yanzu "suka tafi" yake cewa, yana ma yi wa Inna dariya in ta ce "mi ya hwaru". Ba zan zarge shi ba, ga shi ni ma da wace Hausa nake rubuta muku wannan. Ba laifin Kano ba ne da ta yi situdiyo ta yi kasuwa. Tambayar ita ce me ya hana a ɗauki salon gogenmu da bakinmu na Arewa a ɗora bisa kiɗan da ƴan mata za su taka. In rawa ce ke da fili, to a fili ya kamata harshenmu ya tsaya, ba a cikin kundin digirina kaɗai ba.

Kafin in koma Yamai na je gidan tsohon na ba shi haƙuri. Ya ce ba komi, zamani riga ne. Ɗansa, in ji shi, ya aje kalangu ya tafi Dutsi yana kabu-kabu. Na roƙe shi ya kaɗa mini taken gidajen unguwarmu in ɗauka a waya. Ya kaɗa goma sha huɗu, yana faɗin mai kowane. Na kakana ne na tara, kuma ranar na fara jin sa.

Na kai wa mai cajin waya na ce ya aje a kwamfutarsa, duk wanda ya zo zuba waƙa ya ƙara masa kyauta. Ya yi dariya ya ce sai dai in an sa masa duka a ƙasa, yadda za a iya takawa. Ban yi masa gardama ba. In akwai mai haɗa kiɗa a cikinku, ku neme ni a fada bayan isha'i, abin yana wayata.