Fiffiken da Muka Ɗora wa Motar Baba

Mu biyu ne, wa da ƙane, kuma laifin da za mu ba ku labarinsa tare muka yi shi.

Motar gidanmu Golf 3 ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, wato ta girme mu duka. Baba ya saye ta da kuɗin tafarnuwa da albasar da ya noma a fadamar Wurno, ya miƙa mana makulli da sharaɗi ɗaya: kowane mako mu ware kuɗin taya a gwangwani, kada a taɓa. Muna jigilar fasinja daga Wurno ta Achida zuwa Sakkwato, wata rana Goronyo, in an samu shata mu leƙa Rabah.

Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da muke kawowa gida ya ragu sosai. Ana cikin haka wani mai kayan mota a Sakkwato ya nuna mana wani baƙin fiffike na roba, wanda direbobi ke kira sifoila. Ya ce in aka ɗora shi a bayan rufin mota yana yanka iska, mai ya ragu. Gaskiyar magana, kyansa ya fi jan mu. Muka buɗe gwangwani.

Da dare muka liƙa shi, da fitilar waya, don kada Baba ya gani kafin a gama. Ba mu wanke rufin ba, hannun riga kawai muka sa muka share ƙura. Ba mu auna tsakiya ba. Mafi muni, a kan rufin kansa muka manna shi, ya zarce kan ƙofar but, alhali mazauninsa gefen sama na ƙofar ne, don ya riƙa tashi tare da ita.

Da safe Baba ya zagaya motar sau biyu, ya ce, “Wanga abu mi a amfaninai?” Muka maimaita masa bayanin mai shago. Bai tanka ba, sai ya durƙusa ya shafa tayar baya ta hagu, wadda ta riga ta sule. Ya miƙe ya tafi gona.

A Goronyo asiri ya tonu. Mun ɗaga but za mu loda buhunan albasa, ƙofar ta doki fiffiken, ƙas! Gefe guda ya ɓalle, ɗayan ya riƙe. Haka muka dawo yana kaɗawa yana fito, 'yan tasha na tambayarmu yaushe jirgin zai tashi.

Kawunmu na Rabah, wanda ya tsufa a tuƙi, shi ya zaunar da mu. Ya ce, “Ku yara, kun taɓa ganin Golf ta ɗauko albasa but a rufe?” Nan jikinmu ya yi sanyi. Kullum but a buɗe yake, an ɗaure da igiya, buhuna sun leƙo waje. Iskar da fiffiken zai gyara ai kaya sun riga sun wargaza ta.

Daga baya muka bincika yadda abin yake. Aikin sifoila shi ne daidaita yadda iska ke rabuwa da rufi a bayan mota. Ƙarfin iska a jikin mota kuwa yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu, shi ya sa amfaninsa ke fitowa a babban titi mai santsi. Mu da muke kauce wa ramuka da garken shanu, ba mu kai wurin ba.

Duk da haka Kawu ya ce tunda an saya, a sa shi daidai. Muka ajiye motar a rana har gam ya yi laushi. Muka karɓo zaren fatsa wajen wani masunci da ke kamu a gulbin Rima, muka zura shi ƙarƙashin fiffiken, kowa ya riƙe baki ɗaya muna ja kamar zarto har ya rabu ba tare da ya karye ba. Muka murje ragowar gam da yatsa, muka wanke wurin da sabulu, muka goge da sifirit. Sai muka auna tsakiyar ƙofar da igiya, muka sa alama, muka ɗora fiffiken ba gam, muka buɗe but muka rufe har sau biyar don mu tabbatar ba ya taɓa komai. Bayan nan ne muka sa sabon salatif mai manne fuska biyu, muka danna da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, muka bar shi kwana guda ba wanki.

Ya zauna daram. Mun yi wata guda muna rubuta man da muke sha a littafi, ba mu ga wani bambanci ba.

Abin da ya hana mu barci shi ne tayar nan. Duk wanda ke bin hanyoyin gabashin Sakkwato a shekarun nan ya san ba wurin da za ka so taya ta fashe maka ba ne bayan la'asar, ga mata da yara a mota. Mako uku muka yi muna tashi da asuba, muka haƙura da shayi da tsire, har kuɗin gwangwani suka cika. Ranar da muka sa sabuwar taya muka kira Baba. Ya sake durƙusawa ya shafa ta, ya ce, “Allah shi yi albarka.” Bai kalli fiffiken ba.

Tabon wurin farko yana nan a rufin, fenti ya ɗan ɗaye. Mai fenti ya ce zai rufe mana shi da araha, Baba ya ce a bar shi. Duk safiya in mun zo goge mota sai tsumma ya bi ta kansa.