Jakar goyo da hawan gadar Oshodi

Yau maganar jaka zan yi, kar wani ya yi dariya, domin duk wanda yake saro kaya a Idumota ya kai su Agege a kafaɗarsa ya san ba ƙaramar magana ba ce. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022, tafiyar ƙafa ta ƙaru mana, ga hawan gada a Oshodi, ga jiran danfo.

Tawa jakar gwanjo ce, a kasuwar Katangowa na same ta, irin wadda Turawa masu hawan dutse suke goyawa. Ba ƙarfe a bayanta, ba katako, yadi ne kawai da igiya biyu, in babu kaya a ciki sai ka naɗe ta kamar riga. Sauƙinta ke nan, kuma nan matsalar take. Da ka zuba mata turare da caja da agogo na kilo 9 ko 10 sai ta dunƙule kamar tulu, kwalabe suna tokarin ƙashin baya, nauyin duka ya rataya a wuya.

Abin da ya fi yi mini amfani ko sisi ban kashe masa ba: darduma. Ina ninka ta huɗu in tsayar da ita a ciki ta gefen da yake taɓa bayana, sannan in jera kaya masu nauyi a jikinta, marasa nauyi su koma waje da sama. In an matse komai sosai, kayan da kansu suke zama ƙashin jakar, ba ta lanƙwasa. Ga shi kuma in azahar ta same ni a Balogun ba na neman abin shimfiɗa.

Sauran aikin wani shumeka ɗan Sakkwato ne ya yi mini a unguwarmu. Na kai masa bel ɗin kujerar mota da na tsinta a Ladipo, ya ɗinke shi a gindin jakar da basilla da zaren nailan, ninki biyu, ya zama ɗamara. In na ɗaure ta a kan ƙugu sai kafaɗa ta huta, har ina iya sa yatsa ƙarƙashin igiyar. Ya ce zai sa mini soson katifa a kafaɗun, na ce a'a Malam, soso yana shan gumi, kuma gumin Legas ba ya bushewa. Tafin silifas muka yanka muka sa. Ya ƙara wata 'yar igiya a ƙirji don kada kafaɗun su riƙa zamewa.

Baba da ya gani cewa ya yi na mai da kaina soja. Shi shekara da shekaru a ka yake ɗaukar kaya da gammo, kuma yanzu da ƙyar yake juya wuya in an kira shi. Ban ce masa komai ba.

Abu ɗaya ne gyara bai magance ba, wato masu yankan jaka. A cikin cunkoso dole in kwance ɗamarar in juyo da ita gaba in rungume, kwancewar ma tana cin lokaci, kwandasta yana ta ihu. In akwai wanda ya san inda ake samun maƙullin roba mai buɗewa da dannawa ɗaya, mai faɗin bel ɗin mota, don Allah ya sanar da ni.